Tambaya da Amsa: Ofis ko majema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin sinadarai na masana'antu. Za mu fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida. Babana yana so ya sama mini gurbi a wani ofishin gwamnati inda abokinsa yake, ni kuwa hankalina ya fi karkata ga wata majema a Challawa. Wanne zan ɗauka?
Daga wata ɗaliba a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki tafi majemar, muddin tana da ɗakin gwaji kuma za su bar ki ki sa hannu.

Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata don masana'antu, ta ƙirƙiro SIWES a 1973 ne saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda, amma hannunsu bai san aiki ba. A ofis kuwa fayil za ki yi ta ɗauka, littafin rahotonki ya cika da abin da ba ki taɓa ba.

A majema sinadarai ne tun daga farko har ƙarshe. Za ki ga yadda ake cire gashi da farar ƙasa da sodiyam salfaid, yadda ake sauke pH, wato a ƙara wa ruwan jiƙon tsami, kafin a zuba gishirin kuromiyam, har fata ta koma shuɗiya. Ki nace a nuna miki gwajin ruwan da suke zubarwa, domin nan ne majemu suka fi samun matsala. Wari kam akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Kada ki shiga sai da safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake barin ɗalibi ya yi ta yawo da wasiƙar neman gurbi shi kaɗai. Kamata ya yi sashenku ya ƙulla yarjejeniya da masana'antu, a san ɗalibai nawa za su karɓa duk shekara da abin da za su koya musu, balle yanzu da da yawa a Sharaɗa da Bompai suka rufe.

Idan majemar ba ta samu ba, ki gwada cibiyar binciken fata ta NILEST a Samaru ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, duka a Zariya, ko matatar ruwa ta Tamburawa a Kano.

Baba kuwa, kada ki yi masa gardama. Ki roƙi malamin da ke kula da SIWES a sashenku ya yi masa bayani, zai fi saurarar sa.