Kada ka mayar da yaron zuwa Jos don neman bakinsa ya buɗe

Wani bawan Allah ɗan Unguwar Rogo a nan Jos, wanda ke aikin kula da tsofaffi a Manchesta ta ƙasar Ingila, ya rubuto mini cewa likitoci sun tabbatar ɗansa mai shekara huɗu yana da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Yaron ba ya haɗa kalmomi, ba ya waiwayowa idan an kira shi, kuma yana toshe kunnuwa da zarar hayaniya ta yi yawa. Kakarsa ta dage a kawo mata shi, domin a ganinta kaɗaicin Turai ne ya ɗaure masa baki. Yana tambaya ko ya tura uwar da yaron gida, da kuma ko su daina yi masa Hausa.

Malam, Allah ya ba ku ikon riƙon wannan amana. Shawarata ita ce kada ka tura shi. Hajiya kakarsa da ƙauna take magana, amma otizim ba kaɗaici ke kawo shi ba, ba sammu ko iska ba ne, ba kuma sakacin uwa ba ne. Yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne wanda gado ke da hannu sosai a cikinsa. Gidan yawa mai yara barkatai da ƙarar janareta, wanda yake gata ga wani yaron, azaba ne ga mai toshe kunne. Muna da likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannun shugaban ƙasa a 2019, amma ƙwararrun koyar da magana ƙalilan ne a ƙasar nan, yawanci kuma daga aljihunka za ka biya su.

A Ingila kuwa kana da haƙƙin rubuta wa hukumar yankinku da kanka, ba sai makaranta ta shige maka gaba ba, ka nemi a auna buƙatun yaron don a ba shi takardar da ake kira EHCP, wadda ke fayyace taimakon karatu da lafiya da kulawa da za a ba shi. Doka ta ba su mako 20 su kammala idan sun amince, kuma takardar tana iya bin sa har shekara 25. Makaranta da asibitocin gwamnati na NHS ba sa cikin tallafin gwamnati da bizar aiki irin taka ta hana ku karɓa, amma kuɗin tallafin nakasa yana ciki, don haka kada ka cike fom ɗinsa sai ka ga lauyan shige da fice. Ka tambaye shi batun maiɗakinka ma, domin wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 yana iya katse mata lissafin samun zaman dindindin.

Hausa kuma kada ku bari. Bincike bai nuna cewa harshe biyu yana ƙara wa irin waɗannan yara jinkirin magana ba, kuma uwar da aka tilasta wa Turanci maganarta da ɗanta raguwa take yi, alhali yawan maganar ake nema.

Babban aikin a ɗakinku yake. Idan ya ja hannun uwarsa zuwa firij, ta sani magana ya yi, sai ta durƙusa daidai tsayinsa, ta ɗaga madara da ruwa, ta ambaci kowanne da kalma ɗaya, sannan ta yi shiru ta ƙirga goma a zuciya. Wannan shirun shi ne ya fi yi wa iyaye wuya, domin tausayi yana sa mu miƙa wa yaro abu kafin ya nema. Ko nuni ya yi, ko kallo, ko wani ɗan sauti, a ba shi nan take a ce “madara”. Ku liƙa hotunan kofinsa da takalminsa da banɗaki a inda hannunsa zai kai, hoto ba ya hana baki buɗewa. Kai kuma, ko minti goma ne bayan ka taso daga aiki, ka zauna a ƙasa ka shiga wasan da shi ya zaɓa. In jera motoci yake yi, ka jera taka, ka ce “ni”, ka miƙa masa ka ce “kai”, domin daga nan ake koyon karɓa-karɓar da hira da abota suka ginu a kanta. Kada ku kama haɓarsa don ya dube ku. Mu da muke ɗaukar sunkuyar da kai a gaban babba a matsayin kunya bai kamata mu matsa wa yaro a kan haɗa ido ba.

Hajiya kuwa ka ba ta nata aikin. Ku tsayar da lokaci ɗaya kullum na kiran bidiyo, ta riƙa buɗewa da gaisuwa iri ɗaya da ɗan wasan tafi iri ɗaya, ba tare da ta ce dole sai ya amsa ba. Ka roƙi addu'arta, amma ka faɗa mata cikin ladabi cewa ba za a yi masa hayaƙi ko ɗure ba. In kun zo hutu, ka sa a ware masa ɗaki mara hayaniya tun kafin 'yan sannu da zuwa su cika gidan.