Amsa: Injin huda mai na'urar sauya gudu, ya cancanci kuɗinsa?

Malam, ka tambaya ko ka ƙara kuɗi ka sayi injin huda mai maɓallin sauya gudu, ko ka tsaya kan mai bel, wanda sai an matsar da bel ɗin da hannu kafin gudunsa ya sauya. To, ya danganta da abin da kake hudawa.

In katako ne aikinka, bar kuɗinka a aljihu. Kafinta kan yi wata guda bai taɓa bel ba.

Mai aikin ƙarfe kuwa daban ne. Bakin huda mai kaurin milimita 3 yana son juyi wajen 2,500 a minti, mai milimita 12 kuma bai wuce 700 ba. Wa zai riƙa buɗe murfi yana ciccibar bel sau goma a wuni? Ƙiwa ce ke sa mu huda da gudun da muka tarar, sai ka ga baki ya yi shuɗi, ya dakushe, hayaƙi na tashi. Na ƙona da yawa a haka.

Amma ka sani, in ka rage gudu da na'urar, ƙarfin murɗawa ba ya ƙaruwa kamar yadda yake ƙaruwa in ka sauke bel, fankar da ke jikin motar lantarkin injin ma sai ta rage sanyaya motar. Kuma VFD, wato na'urar sauya gudun, mota mai layin wuta uku take buƙata. Irin abin rage gudun fankar ɗaki ba zai yi ba.

Ga wutarmu mai hawa da sauka, ga ƙurar hunturu da garin ƙarfe, duk suna iya lalata na'urar. Ni dai na haɗa biyun: bel a matsakaicin mataki, na'urar kuma cikin akwati a bango, nesa da tartsatsin walda.