Amsa: Libar giyar babur tana lilo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce libar giyar babban babur ɗinka na doguwar tafiya tana lilo, sai ka taka sau biyu kafin giya ta shiga. Kada ka bari a buɗe maka inji tukuna.

Kashe babur, ka kama libar da hannu ka girgiza, idonka a kan gindinta, inda ta rungumi ƙarfen da ya fito daga inji. Wajen tsage yake, ƙaramin noti ne ke matse shi a kan siraran haƙora. In libar na motsi amma ƙarfen yana tsaye, to nan matsalar take. Sa alama da fenti don ka gane mazauninta, ka zare notin gaba ɗaya, domin yana kwance cikin wani rami ne a jikin ƙarfen, sassautawa kawai ba za ta sake ta ba. Cire libar, ka wanke haƙoran da kalanzir da buroshi. In da sauran kaifinsu, mayar, ka ɗiga wa notin Loctite shuɗi (ruwan manni mai hana noti kwancewa), ka ɗaure. In tsagar ta haɗe baki amma lilon bai daina ba, haƙoran libar sun cinye, sai sabuwa.

Baburan da ke da sandar haɗi tsakanin liba da inji, irin manyan baburan Harley masu takawa gaba da baya, a duba gaɓoɓin sandar da bushin (zoben da libar ke juyawa a kansa) ma.

Wani bakanike zai ce a yi walda. Don Allah ka ƙi. Zafin yana ƙona robar da ke tare mai, kuma ranar da za a cire murfin injin, sai an yanke ƙarfen.