Sunan maigidanka da kake son ajiyewa

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Talata. Ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon nan ya daina ɗaukar ƙananan rubutun waya, ita ce kuma take rubuta maka wannan ina faɗa mata. Ka ce wani mai gidan dambe a Abuja ya neme ka, zai ba ka ɗaki da kuɗin mako, amma yana so ka ajiye "Shagon wane" da ake kiranka da shi, ka ɗauki sabon suna mai daɗin faɗa a bidiyo. Ka ce maigidanka ya tsufa, ya daɗe rabonsa da ɗaura zare, amma har yau duk liƙin da aka yi maka sai ka zube a gabansa. Kana tambaya wai al'ada ce ta ce sai ka mutu kana yaronsa, ko kuwa wayon manya ne.

Na yi dariya da na ji inda ka kawo fina-finan Sin, inda ɗalibi ke durƙusawa ya miƙa wa malaminsa shayi da hannu biyu. Wannan ba ƙiren fim ba ne, haka suke yi, har suna da magana cewa wanda ya koyar da kai kwana ɗaya ya zama ubanka har mutuwa. Mu ma mun kalli Burus Li a sinima muna samari. Yana yaro a Hon Kon ya koyi faɗa wurin Ip Man, ya tafi Amurka ya ƙirƙiro nasa salon, ya fi malaminsa suna nesa ba kusa ba. Malamin ya rasu a 1972, shi ya bi shi a 1973, kuma har yau in an tashi ba da tarihinsa daga wannan tsohon ake farawa. To amma ba sai ka je Sin ba. Saurari yadda ake kiran 'yan dambe a Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, ko a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei: Autan Sikido, Garkuwan Cindo, Bahagon Sanin Kurna. Rabin sunan kowannensu na wani ne. Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, ƙato da gemunsa yana yawo da sunan wanda ya ɗaura masa hannu. Da an kira ka, 'yan kallo sun san gidan da ka fito da irin hannun da za su gani, tun ba ka ɗaga mashi ba, wato hannun da aka ɗaure da zare.

Ka san mu gidan mahauta ne, dambe kuwa tun asali namu ne, shi ya sa kalangu ke tashin mu. A zamaninmu sai kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sannan mu kama hanya ƙauye-ƙauye. Na fi shekara ina bin maigidana ban taɓa shiga fage ba. Ni ke ɗaukar jakarsa, ni ke ɗebo masa ruwa, ni ke warware zarensa in shanya. Ranar da ya fara ɗaura mini kuwa ina tune da ita kamar jiya. Ya zaunar da ni a gindin wata tsamiya bayan la'asar, ya ce in dunƙule. Ya buɗe hannun, ya gyara mini babban yatsa, ya ce in sake. Sai da muka yi haka sau uku kafin ya naɗa ƙyalle, ya bi da zare yana ja yana tambaya ko ina jin jini na tafiya. In ɗauri ya yi sako-sako, kai za ka karya yatsunka da kanka. In ya matse da yawa, kafin turmi na biyu, wato zagaye na biyu, hannun ya mutu. Wannan awon ba a faɗarsa da baki, sai wanda ya san hannunka. Da dare kuma shi ne ya dafa ruwa ya gasa mini hannun da ya kumbura, ya shafa man kaɗanya, yana yi mini faɗan yadda na riƙa sauke garkuwata, wato hannun da nake karewa da shi.

Aikinsa mafi girma ma ba wannan ba ne. Sau nawa wani ya fito ya nuna ni, kalangu na ci, jini na tafasa, maigida ya dafa kafaɗata ya ce, "Zauna, wannan ba naka ba ne bana." A lokacin haushinsa nake ji. Na ga abokan tasowata da ba su da mai zaunar da su, wani ya rasa haƙora, wani har ya mutu kunnensa ɗaya ba ya ji. Ka ƙirga sau nawa naka maigidan ya zaunar da kai, sannan ka dawo mu yi lissafin liƙi.

Ni ma na taɓa yin irin tunaninka, har na wuce tunani. Wata shekara na yi kisa mai kyau a wata kasuwa, na buge wanda ake tsoro a turmin farko, aka yi mini ruwan kuɗi. Na tattara na cusa a aljihu, na bi abokai muka sha shagali, ban je na durƙusa na ce ga abin da aka samu ba. Bai ce mini uffan ba. Washegari da yamma na zo na miƙa hannu, sai ya miƙo mini zaren ya ce, "Ai ka girma." Na ɗaura da kaina, na shiga, wani yaro da bai kai ni ba ya sa na dafa ƙasa. Sai da na ɗauki baban babanka ya raka ni da goro kafin maigida ya sake taɓa hannuna. Abin da ya ƙara ba ni kunya, daga baya na gane yawancin abin da muke zube masa a kanmu yake ƙarewa: kuɗin mota, abinci, sallamar makaɗa, maganin wanda ya ji ciwo.

Ban ce kowane maigida haka yake ba. Akwai macuta, masu tura yaro ga wanda ya fi ƙarfinsa don kuɗi, su cinye guminsa, in ya karye su juya baya. Irin wannan al'ada ba ta ɗaure ka a gindinsa ba, manyan ɓangarenku za ka kai wa ƙara su raba ku a mutunce. Amma naka na san shi. Shi ya kwana da kai a asibiti shekarar da kafaɗarka ta goce, uwarka ce ta faɗa mini.

Tafiya Abuja kuwa, tafi. Ɗan dambe dama matafiyi ne, kuma ƙarfi ba ya jiran mutum, shekarun cinsa kaɗan ne. Sai dai ka je da bakinka ka gaya wa maigidanka, kada ya ji a bakin 'yan kallo. Ka riƙe goro, ka zauna a ƙasa, ka nemi ya sa maka albarka. Sunan kuma ka bar shi inda yake. In mai gidan yana son laƙabi, ya ƙara a kai, ba a hana ba. In kuwa ya nace sai ka goge, to ka lura da shi, don wanda ya ce ka yar da wanda ya raine ka ya riga ya nuna maka yadda zai yi da kai ran da hannunka ya yi sanyi. Duk kisan da ka yi, ka aika wa tsoho wani abu, ko na cefanen kwana biyu ne. Kuma ko nawa aka sa, kada ka ɗaura hannu don yaron gidanku.

Ka tambaya yaushe abin ke ƙarewa. Na bar dambe da shekaru masu yawa, ina da jikoki, amma duk Sallah gidan maigidana nake fara zuwa bayan na iyaye. Da ƙarfinsa ya ƙare yana zaune a tukubarsa hannu na rawa, in na je sai in karɓi wuƙar in yanka masa naman ranar. Yana kirana da sunan da ya sa mini a gaban 'ya'yana, ina amsawa. Da ya rasu, mu yaransa muka ɗauki makararsa, muna karɓa-karɓa har maƙabarta. Ɗansa na fari har gobe in zai aurar da 'ya sai ya aiko mini.

Ka je wurinsa kafin Juma'a, kada maganar ta riga ka. In ka fito ka kira ni in ji abin da ya ce. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi mini amfani.

Baffanka.