Amsa ga Kawu kan manyan gidajen abinci na New York

Kawu, ka tambaye ni ko mu ma muna shiga gidajen abincin nan na alfarma da kake gani a waya, inda ake ɗora loma ɗaya a tsakiyar ƙaton faranti. Muna shiga, amma jefi-jefi, kuma yaranmu sun fi mu zuwa.

Ba a shiga waɗannan gidajen kai tsaye. Sai ka kama gurbi ta manhajar Resy ko OpenTable, wani wurin tun saura makonni. A wasu ma ba kai ke zaɓa ba, mai girkin ne zai yi ta aiko maka kala-kala, kaɗan-kaɗan, kana zaune har awa biyu ko uku. A irin su Le Bernardin da ke yankin Manhattan, mai tauraro uku na Michelin, wato ƙololuwar yabon da kundin tantance gidajen abinci na Michelin ke bayarwa, kuɗin mutum ɗaya ɗaruruwan daloli ne. Kuma abin da ke rubuce a takarda somin taɓi ne. Za a ɗora haraji na kashi 8.875 cikin ɗari, sannan tukuicin mai kawo abinci, wajen kashi 20, wanda a nan hana shi abin kunya ne, domin da shi suke rufa wa kansu asiri. Direban tasi da ke aika kuɗin makaranta zuwa Damagaram ko Kumasi ba zai zauna nan hankalinsa kwance ba.

Abin da ya fi kuɗin damun mu shi ne halal. Naman galibi ba yankan Musulmi ba ne, Turawa kuma suna zuba giya a miya, wani romon har da ƙashin alade. Shi ya sa za ka ga Bahaushe ya nufi kifi, ya kuma tambaya dalla-dalla me aka sa a ciki. Masu kawo abincin ba sa jin haushi. Sun saba da masu larurar da ke hana su cin gyaɗa ko jatan lande, sai su shiga kicin su tambayo maka.

Akwai wurin da ya faranta mini rai: gidan abinci na Tatiana, a cibiyar wasanni da kiɗe-kiɗe ta Lincoln Center, wanda mai girki Kwame Onwuachi ya buɗe a 2022. A yankin Bronx na birnin nan ya tashi, ya kuma zauna Najeriya yana yaro. Ya sa suya da agushi a jerin abincinsa, kuma jaridar New York Times ta ɗora gidan a kan gaba a birnin a 2023. Sai dai ina takaicin yadda masu cin suyar nan ba su san cewa sana'ar mahautanmu ce ba, kuma har yanzu mu da muka gaje ta mun tsaya a ƙananan shaguna.

A tsakaninmu kuwa, babban baƙo a gida ake karɓarsa. Suna ko biki, zaure muke kamawa a Bronx, mutanen Nijar su zo da dambu, 'yan zangon Gana su zo da wake da shinkafa, matan Kano su soya waina. Dattawanmu suna ganin kai baƙo gidan abinci kamar gudun ɗawainiya ne. Yaran da aka haifa a nan akasin haka suka ɗauka: wanda suke girmamawa shi suke tara wa kuɗi su kama masa tebur. Saboda haka idan Allah ya kawo ka, 'yarka ta ce ta kama muku gurbi a Manhattan, kada ka ga kamar ƙyashin girki take yi. Ka sa babbar rigarka ku tafi, za su karɓe ka da ita, ka bar mata tambayar abin da ke cikin miya. Tuwon da miyar kuka kuma mahaifiyarta za ta tuƙa maka washegari.