Miyar kabewar maƙwabciyarki

'Yata, na ga saƙonki, na yi dariya har goggonki ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wai maƙwabciyarki 'yar Haiti ta aiko miki da miyar kabewa ranar 1 ga Janairu, kina tambaya ko ta tsafi ce, ko ki mayar mata. Haba 'yata! A gidanmu ko kwanon maƙwabci ba a mayarwa babu komai a ciki, balle a mayar masa da girkinsa.

A irin wannan rana ce, a 1804, jagoransu Dessalines ya shelanta 'yancin ƙasarsu a garin Gonaïves, bayan bayi sun fatattaki sojan Faransa. Su dai suna cewa a zamanin bauta su ke dafa miyar, iyayengijinsu su sha, bawa ko lasa an hana shi. To shi ya sa duk inda ɗan Haiti ya kwana, a ranar sai ya sha, ya kuma rarraba wa maƙwabta.

Ni kuwa a kan titi na san mutanen nan. A 1990 ina tuƙin tasi a Niyok, aka fitar da ƙa'ida cewa kada a karɓi gudummawar jinin 'yan Haiti, wai saboda ƙanjamau. Mu baƙaƙen Afirka ma an haɗa da mu, amma mutanenmu suka yi gum, kowa na lallaɓa takardunsa. Ranar Juma'a, 20 ga Afrilu, na nufi Manhattan da fasinja, sai na tarar gadar Brooklyn ta cika maƙil, dubun dubatar 'yan Haiti na zanga-zangar ƙin wannan ƙa'ida, tutocinsu shuɗi da ja ko'ina, ana waƙa da harshensu na Kiriyol. Mota ba gaba ba baya. Wata dattijuwa cikin fararen kayan asibiti, da alama daga aikin dare take, ta ƙwanƙwasa gilashina, ta dubi tsagen fuskata ta ce, "Afirka?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "To zaman me kake yi a mota?" Fasinjan nawa ma tuni ya fice. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ga shi wata daga can bayan teku tana tuna mini. Kafin shekarar ta ƙare aka janye ƙa'idar daga kansu.

Kakanninsu an kwashe su a jirgin ruwa ba da son ransu ba, amma dubi yadda jikokinsu ke fitowa da tuta duk 18 ga Mayu, ranar tutar ƙasarsu, a unguwar Flatbush ta Niyok. Ku da ƙafarku kuka hau jirgi, ga waya a hannu, amma 'ya'yanki ko "ina kwana" sai an ciro musu daga baki.

Naman da ake sa wa miyar yawanci na shanu ne. Ki tambayi maƙwabciyar taki wajen wa ta saya, ba za ta ji haushi ba. Ranar Lahadi in kin kira ki ba ni yaran, kuma kada ki tsaya yi musu tafinta.