Kano kwana biyu da jikka 60, amma ka cire "zo gida ne" daga lissafi

Assalamu alaikum ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayar taka sai da na aje kofin shayi, don kamar ni na rubuto ta. Ka ce jikka 60 gare ka, wato sefa 60,000, kana so ka ɗauki iyali ku tashi daga nan Maraɗi Juma'a bayan an sauko, ku je Kano ku ga gari ku komo Lahadi tunda Litinin akwai aiki, kuma wai akwai abokinka can da ya ce kar ka damu da masauki, gida ne. To kuɗin za su iya in ka matse hannu, wannan ba shi ne ya tada min hankali ba. Wancan "gida ne" ɗin, shi ne.

Ni ƙarshen Nuwamba 2024 na yi irin wannan tahiya, watanni bayan an sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya, lokacin kowa na ɗokin fita. Mai ɗakina tana da ciki wata huɗu, tun aurenmu ba ta taɓa wuce Jibiya ba, na ce bari in kai ta ta ga Kanon da take gani a fim kafin nauyi ya hau ta. Akwai wani bawan Allah, ba zan faɗi sunanshi ba don wataƙila wani cikinku ya san shi, yana zuwa nan Maraɗi sayen riɗi da aya yana kaiwa kasuwar Dawanau ta Kano. Shekara uku duk zuwan da zai yi ɗakin zaurena yake sauka. Sati guda, wani bi kwana goma. Ruwan wanka a kai mishi, tuwo a kai, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ni na goya shi bisa babur zuwa asibiti na biya magani ban taɓa tambaya ba. Kullum in zai tafi sai ya dafa kafaɗata ya ce wallahi sai kun zo Kano, ɗaki guda naku ne, har Hajiya tana cigiyar amarya. To wa zai yi zaton wani abu? Laraba na kira shi, Alhamis ya turo min murya a WhatsApp yana cewa har an share ɗaki an kunna turare. Muryar tana nan cikin wayata har yau, ban goge ba, wani lokaci nakan saurara don in tuna wautata.

Kuskure na farko nawa ne, tashi bayan Juma'a. Kar ka yi haka don Allah. A taswira tahiyar ba wani abu ba ce, nan da Katsina kilomita 90 da 'yan kai, Katsina zuwa Kano wajen 170, sai ka ce ai awa huɗu ne. Ƙarya ne. Jiran mota ta cika kaɗai ya ci mana awa guda da rabi, ga tsayawa a Ɗan Isa, ga Magama, ga shingaye tsakanin Jibiya da Katsina waɗanda na gaji da ƙirgawa, kowanne direba sai ya rage gudu ya miƙa hannu ta taga. Mun shiga Katsina rana ta yi ja, a sake neman motar Kano, a sake jiran ta cika. Ka nemi izini wurin aiki ka tashi da asuba ranar Juma'a ka yi sallar Juma'arka a Katsina ko Kano, in ba za a ba ka ba to ka bari sai Asabar da sassafe. Hanyar Jibiya ba ta dare ba ce, wannan kowa ya sani, ba sai na yi dogon bayani ba.

Muna Bichi na kira mutumin da wayar wani fasinja, ya ɗauka, ya ce ina nan ina jira, ku sauka tashar Ƙofar Ruwa. Ina jin muryar yara a bayanshi. Muka sauka wajen tara da rabi na dare. Na kira, a kashe. Na ce ƙila rezo ne. Na sake, a kashe. Ɗan uwa sau 23 na kira, na ƙirga don yaron mai cajin waya da ya ara min tashi sai da ya fara kallona da tausayi. Sanyi ya sauko, iska na kwaso ƙura, ita tana zaune kan jakar bakko ta ja mayafi ta rufe har hanci, ga tsarabar da muka ɗauko mishi a gefenta, kilishi da aya tiya biyu da ta zauna ta tsince da hannunta ta wanke ta shanya don kar a ce matan Maraɗi ba su iya abu ba. Ba ta ce min komai ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Sai kawai ta ɗago ta ce ko mu nemi masallaci? Ni a rayuwata ban taɓa jin na ƙanƙance kamar wannan daren ba, mace da ciki, ƙasar mutane, kuma ban san ko unguwar da yake ba balle gidan, shekara uku yana cin tuwona ban taɓa tambayar sunan layinsu ba, kullum cewa yake ai in kun iso ni zan zo in ɗauke ku. Ka ga inda aka kama ni. Kai ka tambayi naka yanzu yanzu, unguwa, layi, masallacin da ke kusa, da lambar wani na gidan ban da tashi. In ya fara kwana-kwana ka san inda aka dosa.

Wani dattijo mai shayi ne ya cece mu. Ya ji Hausarmu ya ce mutanen Nijar ne? Ya haɗa mata shayi ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ku yi sauri don ƙarfe 10 'yan adaidaita sahu ke tashi daga aiki, doka ce a lokacin, kuma Kano ba kamar nan ba ce da za ka ɗaga hannu ɗan kabu-kabu ya tsaya, an hana acaɓa cikin gari tuntuni. Ya kira wani yaro da ya sani ya kai mu. Masauki na farko suka ce sai shaidar aure. Na biyu ba ruwa. Na uku muka samu, sai ga wata sabuwa, naira kaɗan na canza a bakin iyaka don an ce min Wapa, wurin 'yan canji a Kano, ta fi sayen sefa da tsada, sauran duk sefa ce a aljihuna. Yaron da ke kan tebur ya ce ba su karɓar sefa, in yi taransifa. Da wane akawun? Ƙarshe ya karɓa a farashin da ya ga dama, na san ya cuce ni, shi ma ya san na sani, na miƙa. Daren nan guda ya cinye kuɗin atamfar da na yi mata alkawari.

Saboda haka kuɗin masaukin kwana biyu ka ware su daban, ka canza su naira tun kafin ka shiga motar Kano, ka sa a aljihun da ba ka taɓawa. In abokin naka ɗan halak ne ya sauke ku, to riba ce, ka ƙara mata turmi guda. Kuma ka ɗauki hoton takardar aurenku a waya in kana da ita. Farashin canji ba zan faɗa maka ba don na safe daban na yamma daban, ka tambayi mutum biyu uku a kasuwa nan gida ranar da za ka tashi don ka san inda ake, kuma ka ƙirga kuɗinka gaban mai canjin kafin ka ɗaga ƙafa, naira takardu ne da yawa, babbarsu 1000, damin yana ruɗa ido.

Abin dariya ma, cajata ta ƙi shiga bango. Tasu mai baki uku ce mai faɗi, tamu mai baki biyu zagaye. Ka sayi adafta tun nan. Layinka na nan in ka bar data a buɗe zai tsotse kuɗin kafin ka kai Kankiya, layin can kuma sai an yi maka rajista kafin ya yi aiki. Ni da wifi na masauki da aron waya na rayu.

Da safe na fito zan tafi Wapa, titi wayam. Ashe Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga 7 zuwa 10. Ka duba kalanda, kar ka zaɓi Asabar ɗin ƙarshe, don kai Asabar guda ce gare ka duk tahiyar.

Amma fa kar ka ji wannan ka fasa, don daga ƙarfe 10 ɗin nan zuwa dare har yau ita ce ranar da take ba ƙawayenta labari. Kallon Kano ba shi ne mai cin kuɗi ba. Mun je marinar Ƙofar Mata, wani tsoho na tsugune bakin rami yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa, in ya fito sai ka gan shi kore-kore, kana tsaye iska na bugun shi yana komawa shuɗi a gaban idonka, hannun tsohon har gwiwar hannu ya rine. Ta ce a sake ta gani, ya yi dariya ya sake. Ɗan abin goro kawai na ba shi. Daga nan Gidan Makama, daura da gidan Sarki, kuɗin shiga bai kai na faranti guda na shinkafa ba, mai zagayawa da mu ya ce ginin tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Kurmin kuwa lungu ne cikin lungu, ka riƙe hannun iyalinka ko da za ta ji kunya. Can wajen Jakara muka ci gurasa bandashe, da ƙuli da mai da albasa, mu biyu muka ƙoshi da kuɗin da ba zai saya maka tsire uku a nan ba. Dutsen Dala ita ba ta hau ba saboda cikin, ta zauna ƙasa wurin wata mai fura, ni na hau na ɗauko mata hoton gari.

Inda kuɗi ke mutuwa Kantin Kwari ne. Ka yanke adadin da za a kashe tun a masauki, ku yi magana ku biyu, don in mace ta ga an zazzage mata atamfa kala goma a gabanta kai ma kunya za ta hana ka cewa a'a. Kuma Asabar za ku shiga, Lahadi ba ranar sayayya ba ce gare ku, ranar hanya ce, ƙarfe 7 ku kasance a tasha don ku wuce Jibiya da rana tsaka. Kar ka yi kaya da yawa, turmi biyu uku na sawa ba mai kallonka, in ka cika jaka kuwa duwan, wato kwastan, za su ce fatauci ne.

Takardu, katin ɗan ƙasa naka da nata waɗanda ba su mutu ba, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da 'yan canji ƙanana a aljihun gaba. Tunda muka fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairu 2025 abin kan sauya, don haka direbobin tasha za ka tambaya cikin satin da za ka tafi, su ke bin hanyar kullum, ba wanda ya je tun 2024 kamar ni ba. Jirgin ƙasan nan na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa tun 2021, ranar da ya fara aiki duk wannan dogon surutun nawa ya ƙare, Allah ya nuna mana.

In ka lissafa ka ga jikka 60 ɗin ba za ta ɗauki masauki ba, ka tsaya Katsina kawai. Ba faɗuwa ba ce. Hasumiyar Gobarau na nan, ga gidan Sarki, ga ƙofofin gari, kuma ai can ne tushenmu, sarkinmu ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mishi. Kwana ɗaya ya isa, rabin kuɗin mota ya tsira.

Shi kuwa mutumin, sai bayan wata uku ya ɓullo, da sallamarshi da fara'arshi a ƙofar gidana kamar ba a yi komai ba. Wai wayar ce ta faɗa ruwa. Ruwan da ya jira sai da muka baro Bichi. Daga baya wani ɗan kamasho ya tsegunta min cewa ɗaki guda yake haya da mata da yara huɗu, ba Hajiya ba turare. To da ka faɗa min mana! Talauci abin kunya ne? Da ka zo tashar ka ce ɗan uwa ba ni da wuri amma ga masauki mai sauƙi can, wallahi da na ƙara ganin girmanka. Na so in rufe ƙofa, tsohuwa ta ce ba a gidanta ba, a shimfiɗa mishi tabarma. Ya ci tuwo malmala biyu ina kallonshi. Mai ɗakina dai ta ce ita hannunta ba zai sake dafa mishi ba, ƙanwata ce ta tuƙa.

Kilishin mu muka cinye shi a masauki daren nan don ba abinci. Ayar kuwa ranar Lahadi da za mu hau mota na neme dattijon mai shayi na aje mishi tiya biyun nan a kan teburinshi, in ka sauka Ƙofar Ruwa da dare ka ga wani tsoho mai farin gemu da hular sanyi ka ce mutanen Maraɗi na gaishe shi.